Littafin Da Ya Fi Shan Zagi

Shekara ashirin da uku Malama ta yi a bayan teburin aro na laburaren unguwa, kuma a duk tsawon shekarun nan abu guda ta ƙirƙiro da take tinƙaho da shi. Duk littafin da ya shigo, kafin ta buga masa hatimi, sai ta manna farar takarda a cikin bangonsa na baya, ta rubuta a samanta: "Ra'ayin mai karatu." In takardar ta cika ta manna wata a kai. Wasu littattafan har sun yi tozo, ba sa rufuwa sai an danne su.

Mutane kuwa suka samu wurin sauke haushi. Akwai wata nas mai ritaya da ba ta taɓa mayar da littafin soyayya ba sai ta wanke jarumar tas. A wani ta rubuta cewa yarinyar nan ta yi shafi ɗari uku tana kuka ko ruwa ba ta kurɓa ba, da a asibiti ne da tuni an ɗaura mata ƙarin ruwa. Akwai direban babbar mota da ya ari littafin tatsuniyoyi ya dawo yana huci, ya rubuta cewa marubucin maƙaryaci ne, shi kakarsa ta ba shi labarin nan, kuma kura ba ta mutu ba, wutsiya kawai ta rasa. Wani ya zo ƙasan rubutunsa ya ce ai kakar direba ce ta manta. Direba ya sake aron littafin takanas don ya rama. Shekara huɗu suka yi suna wannan faɗa, ba su taɓa ganin juna ba. A littafin koyon ɗinki kuwa wata tela cewa ta yi wanda ya zana hannun rigar shafi na talatin bai taɓa ɗaga hannunsa sama ba a rayuwarsa.

Malama ta daɗe da gane abin da wannan ke nufi. Littafin da aka zaga, an karanta shi. Wanda kuwa ka ga an rubuta masa "Littafi mai kyau, Allah ya ƙara basira," buɗe ka duba, daga shafi na goma zuwa ƙarshe ko lanƙwasa ba za ka samu ba.

Babu littafin da ya kai na gyaran injin ban ruwa shan zagi. Kuma ya cancanta, don wanda ya rubuta shi da alama daga nesa ya taɓa hango inji. Hoton shafi na tamanin da huɗu ya juya robar da ke hana ruwa shiga wurin mai, duk wanda ya bi shi sai inji ya sha ruwa ya ƙone. Ma'aunin mai ba daidai ba, lambobin wasu notuna a hargitse. Amma shi kaɗai ne littafin da ya yi bayanin irin injinan da manoman yankin ke amfani da su, don haka makanikai suka riƙa aronsa suna zagi suna gyarawa. Mutum uku suka fi yin aikin. Na farko da jan biro yake rubutu, ya rasu shekara shida da suka wuce. Na biyu da fensir, shi ma ya bi shi bara. Na uku shi ne wanda Malama ke kira Baƙin Mai, saboda duk shafin da ya taɓa sai ya bar tambarin babban yatsansa da baƙin man inji. Da takardun baya suka kasa ɗaukar gyaran sai suka gangaro cikin littafin, gefen kowane shafi ya cika da kibiyoyi da ƙananan zane da "ƙarya ne, ga daidai." Dokar laburare ta hana rubutu a cikin littafi, kuma Malama ba ta wasa da doka, amma a kan wannan ta kau da kai.

Ana nan sai aka turo sabon shugaba, matashi mai digiri biyu da fara'a da yawa. A zaman farko da ma'aikata ya kira ta Mama, ya tambaye ta a gaban kowa saura wata nawa ta yi ritaya. Shi a ganinsa hira ce. Ita kuwa ta ji kamar an nuna mata ƙofa, kuma tun ranar ta ƙulle shi a ciki.

Ba a yi wata ba ya zo da batun cewa za a mayar da ɗakin baya wurin kwamfutoci, don haka sai an rage littattafai. Ya ce ba ya son a ce ya yi son kai, masu karatu ne za su yanke hukunci. Tunda ga ra'ayoyinsu nan manne, a ƙirga yabo a ƙirga suka, duk littafin da sukarsa ta rinjayi yabonsa a fitar da shi. Da ya gama bayani ya juyo wajenta.

"Mama, ke kika fi kowa sanin littattafan nan. In kina ganin akwai gyara a tsarin, ki faɗa min."

Maganar na bakinta. Jimla biyu sun isa. Amma ta dube shi da wannan murmushi nasa na wanda ya gano abin da duniya ta kasa ganowa, sai ta fasa faɗa.

"Yadda ka tsara, Yallaɓai," in ji ta.

A gida mijinta ya sha labarin har ya ƙoshi. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mai ciwon ido da haƙuri, yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin ƙofar kicin tana yanka albasa kamar shugaban take yankawa. Ya ce mata ai abin bai kai nan ba, ta shiga ofis ta faɗa wa yaron nan gaskiya, tunda har ya tambaya. Ta ce ita ba za ta koya wa mai digiri biyu karatu ba. Za ta yi masa ƙirgen nan tsaf, babu ƙari babu ragi, ran da kwamitin laburare ya zauna a ƙarshen wata don amincewa da jerin, ta miƙe a gaban dattawa ta karanto sunayen littattafan da yake son zubarwa, kowa ya ga waye gwani. Mijin ya ce wanda ya riƙe wuta a hannu don ya jefi wani, tafinsa ke fara ƙuna. Ta ce ya ji da idonsa.

Kwana tara ta yi tana ƙirge, kuma da daɗi ta yi shi, irin daɗin mai wasa wuƙa. Littafin tatsuniyoyi ya faɗi. Na ɗinki ya faɗi. Duk littattafan soyayyar da nas ta taɓa suka faɗi. Wani jibgegen littafin jawabai da babu wanda ya taɓa wuce gabatarwarsa ya tsira da yabo huɗu babu suka ko ɗaya. Littafin injin ban ruwa kuwa suka sittin da ɗaya, yabo biyu, su ma biyun na ɗalibai ne da suka ari littafin bisa kuskure. Shi ta sa a lamba ta ɗaya, da manyan haruffa, har ta ja masa layi a ƙasa. Ta kai jerin ofis ta ajiye. Da yamma kuma ta zauna ta rubuta jawabinta na ranar kwamiti, shafi biyu, ta karanta wa mijinta sau uku.

Saura mako guda zaman kwamiti aka kira mijin aikin ido, ta ɗauki hutun kwana uku ta zauna da shi a asibiti. Ranar da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta ga ɗakin baya fayau, an share, har an fara jan wayoyi a bango. Shugaba ya taryo ta da murna. Ya ce shugaban kwamiti ya leƙo shekaranjiya, ya ga jerin, ya ga rubutun hannunta ne, ya ce abin da Malama ta tantance ai ba sai an zauna a kansa ba, ya sa hannu nan take. Motar kamfanin da ke narka takarda ta zo jiya da safe ta kwashe.

Bai lura da yadda fuskarta ta canja ba, don yana ta ɗokin nuna mata wani abu. Ya buɗe durowa ya ciro littafi sabo fil, har da ƙamshin shago. Ya ce da ya duba rajistar aro ya ga littafin injin nan ya fi kowane fita, sai ya gane ba littafin mutane ke ƙi ba, ƙazantarsa ce ta ishe su, duk an cika shi da ƙazamin rubutu da baƙin mai. Shi ya sa ya sa aka nemo sabo, bugu iri ɗaya. Ya miƙa mata yana jiran godiya.

Ba ta karɓa ba. Ta juya ta fita, ta tari mota har bayan gari inda kamfanin yake. Wani fili ne mai warin jiƙaƙƙiyar takarda, an tara ɗaurin kwalaye da tsofaffin jaridu sun fi tsayin mutum. Ta sami mai kula da wurin ta yi masa bayani tana haki, ta kwatanta masa littafin, shuɗin bango, kauri kamar bulo, tozo a baya. Mutumin ya saurare ta da ladabi, sannan ya nuna mata wata ƙatuwar kwatarniyar ƙarfe da wani abu mai ruwan toka ke juyawa a ciki. Ya ce kayan jiya tun jiya suka shiga. Ta tambaye shi me ake yi da shi. Ya ce kwalin ƙwai.

A hanyar dawowa ta zagi shugaba a zuci tun daga digirinsa na farko har na biyu. Ta zagi shugaban kwamiti mai sa hannu a tsaye. Ta zagi kwamfuta da wanda ya ƙirƙiro ta. Kafin ta iso laburare ta ƙara wa jawabinta shafi na uku a ka, wanda ya fi na farkon zafi.

Ta tarar da Baƙin Mai a tsaye a gaban teburinta, cikin rigar aikinsa, sabon littafin a buɗe a hannunsa, wani ma'aikaci ya ba shi. Dattijo ne marar yawan magana, duk surutunsa a gefen shafi yake yi. Ya gaishe ta a taƙaice, ya ce akwai injin wani manomi a shagonsa tun jiya, shukar mutumin na jiran ruwa, matsalar kuwa irin wadda mai jan biro ya taɓa warwarewa ce a wajen shafi na ɗari da goma. Ya buɗe shafin bai ga komai ba sai farin gefe. Ya tambaya ina nasu tsohon.

Nan Malama ta samu kunnen da take nema. Ta zazzage masa komai, yadda aka turo musu yaro da bai san darajar littafi ba, yadda ya ce a ƙirga zagi kamar ana ƙirga awaki, yadda aka kwashe kaya a bayan idonta tana jinyar miji, har kwalin ƙwai ba ta bari ba. Muryarta ta tashi har masu karatun jarida suka ɗago kai. Shi dai yana tsaye yana juya shafukan a hankali. Ya tsaya a na tamanin da huɗu, ya daɗe yana kallon hoton robar nan a juye, tsaf, kamar ba a taɓa yin shekara ashirin ana gyara ta ba.

"Shi yaron ya taɓa buɗe tsohon ya karanta?" ya tambaya.

"Ina fa! Da ya karanta ai da bai yi wannan ɓarna ba."

"To wa ya sa sunan littafin a takardar?"

Ta ce ita ce, amma umarni aka ba ta, kuma da ma shirinta ranar zaman kwamiti ta tashi ta tona komai. Har ta kai hannu jaka za ta ciro jawabin ta nuna masa. Sai ta fasa, ta ciro biro maimakonsa, ta tura masa. Ta ce ya zauna ya rubuta a cikin sabon, ta ba shi izini, ko shafi nawa yake so.

Bai taɓa biron ba.

"Nawa gyaran zan iya ƙoƙarin tunowa, wani na tuna, wani ya tafi. Na mai jan biro fa? Na mai fensir fa? Su kam ba su da inda suka ajiye sai nan." Ya rufe littafin ya ajiye a gabanta. "Malama, shi bai sani ba. Ke kin sani."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma jira amsa ba. Ya ce bari ya je ya faɗa wa manomi ya nemi aron inji, ya sa kai ya fita.

Malama ta zauna. Fushin da ta yi wata guda tana yi wa kiwo yana nan daram a ƙirjinta, bai ragu ko kaɗan ba. Ta waiwaya ofishin shugaba, ta hango shi ta gilashi yana ta faman warware wayar kwamfuta, ta yi ƙoƙarin ɗora masa fushin kamar yadda ta saba, ya ƙi zama a kansa.