Dashen Ɗorawa a Filin Lamboni

Mota ta haye gadar Mango, Mahama na ciki. Tun asuba ya bar rumfar namansa a unguwar Komah, ya sa babbar riga, ya sayi goro. Dapaong za shi, roƙo zai je yi. Bai saba ba.

Jiya 'yarsa Hafsa ta kira shi tana kuka. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, karatun ƙasa da itatuwa. Ba a ba su takardar gamawa sai kowa ya je ya yi wa jama'a aiki da hannunsa, malami ya zo ya gani. Ita an tura ta wajen wasu mata masu lambu a bayan Dapaong, inda zaizayar ruwa ke cin ƙasa. Ta reni ɗorawa da gawo a leda, ta dasa a bakin lambun. Mai filin, wani tsoho mai suna Lamboni, ya zo ya tumɓuke su duka. Ya ce matan su kwashe kuɓewarsu su bar masa wurinsa.

Aron filin ya ba su. A can, in mutum ya dasa itace, ya ce ƙasar tasa ce ke nan. Matan sun sani, amma sun ji nauyin baƙuwa, ba su faɗa mata ba. Malamin Hafsa kuwa ranar Juma'a zai zo.

Daga tasha Mahama ya hau zemijan, babur ɗin haya. Duk hanya yana juya maganar a ransa. Zai tuɓe takalmi. In ta kama, zai durƙusa.

Da babur ya tsaya, sai ya hango taro a bakin lambu. Ya matsa. Wani dogon tsoho ne tsugune a bakin rami, yana danna ƙasa a gindin ɗan itace. Hafsa na tsaye bayansa da kwando, zaninta duk laka.

"Baba! Na yi ta kiranka."

"Ba na waya a mota. Me ake yi nan?"

Tsohon ya ɗago. Hausarsa ta kasuwa ce. "Kai ne uban Hafsa? Yarinyarka yana da taurin kai."

"Gado ta yi," in ji Mahama.

Hafsa ta ja shi gefe. "Da safe na tsince dashen, na jiƙa, na kai wa tsohon nan, Lamboni, ƙofar gida. Na ba shi haƙuri, na ce tunda a ƙasarsa suka kwana, nasa ne."

"Sai ya ce me?"

"Wai a ba akuya."

"Uhm."

"Na ƙi tashi. Na ce masa in shi ya sa su a rami da hannunsa, gaban mutane, wa zai ce ba nasa ba ne? Matan su riƙa ba su ruwa, tunda kullum suna ban ruwa a nan. In ya kore su, itatuwansa su bushe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya aika a kira 'yan'uwansa su shaida."

"Matan fa?"

"Suna nan daram."

"Malamin naki?"

"Zai tarar da itace a ƙasa."

Mahama ya sauke numfashi. Ya ciro goron ya miƙa wa Lamboni a tsaye, gaisuwar dattijo da dattijo. Lamboni ya karɓa, ya ɓare ɗaya, ya ba shi rabi.

Ramuka sun yi saura, rana ta take. Lamboni ya dafe ƙugu yana nishi. Mahama ya ga abin zai kai su la'asar. Ya ɗauki ɗorawa ɗaya daga kwando, ya nufi rami.

Lamboni ya cafke masa hannu. "A'a, Alhaji. Kai baƙo ne. Ajiye."

Matan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta turo masa bokiti. "Ga naka aikin, Baba. Ka kula da rigar sallar nan."

Mahama ya dubi bokitin, ya dubi 'yarsa. Ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, ya bi bayan Lamboni.

"A hankali, Baba, kar ka tone saiwar," in ji Hafsa.

"Na iya zuba ruwa," ya ce.