Kifi Takwas a Kusurwar Ɗaki

Sati shida da muka rasa ɗanmu aka kira ni gyaran famfo a wani ƙaramin asibitin haƙori. Aikin ba wani babba ba ne, bututun ƙarƙashin wurin wanke hannu ne ya toshe. Ina kwance a ƙasa da sifana a hannu, ina hango ɗakin jira ta ƙofar da aka bari a buɗe. A jikin bango akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, ƙananan kifaye suna kai da komo a ciki. Mutum biyar ne a zaune, har da wani dattijo da kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a baki, kuma babu ko ɗaya da ke taɓa wayarsa. Kifin suke kallo. Dattijon ma ya daina nishi.

A gida kuwa, matata bango take kallo. Tela ce, mace mai surutu da tsokana, wadda ko ni ba ta bari in sha ruwa sai ta ce Injiniya ya dawo daga yaƙi da bututu. Ni kuma Gajeruwa nake ce mata. Shekara bakwai muka yi muna jira kafin cikin ya zo. A wata na tara ɗan ya juye a ciki, aka yi mata aiki, aka ciro yaro namiji babu rai. Tun da aka sallamo ta, keken ɗinkinta yake lulluɓe da zane. Ta ci loma uku ta ture kwano, ta koma ta juya wa ɗaki baya. Yayarta ta zo ta kwashe gadon jariri da 'yan kayan da aka tara, sai kusurwar ɗakin ta zama fili, har sawun ƙafafun gadon yana nan a kan leda.

Daga asibitin haƙorin na tambayi inda ake sayar da kifin ado, aka kwatanta mini wani shago a bayan masu sayar da fenti. Mai shagon wata dattijuwa ce mai tabarau, hannunta a jiƙe har gwiwar hannu. Na zaɓi akwati matsakaici, da tsakuwa, da ɗan injin tace ruwa mai soso a ciki. Sannan na nuna wasu jajayen kifaye masu dogon jela, na ce ta zuba mini takwas.

Ta ce, "Yau dai ba kifi, ɗana. Ka je ka zuba ruwa, ka ɗiga wannan maganin da ke kashe kaifin ruwan famfo, ka kunna injin ya yi ta aiki. Bayan sati uku ka dawo, in ba ka biyu."

Na yi dariya. Na ce, "Mama, shekara ashirin ina aikin ruwa. Ruwan da muke sha ne zai gagari kifi?"

"Kai ta baki kake sha. Shi a ciki yake numfashi, a ciki yake kashi. Sabon akwati bai iya cinye dattinsa ba tukuna."

Ban ɗauki maganin ba. A raina na ce dabarar 'yan kasuwa ce. Kuma gaskiyar magana, ba ni da sati ukun da zan jira. Akwatin ruwa babu komai a ciki, a daidai wannan kusurwar, me zai ce wa matata? A bakin titi na samu wani mutum da ke rataye kifaye cikin ledoji a jikin keke. Bai tambaye ni komai ba, ya ƙulla mini takwas.

Na yi aikin da kyau, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Na kawo teburin ƙarfe, na sa masa katako a ƙafa ɗaya don kada ya karkata. Na wanke tsakuwar sau biyar har ruwan ya fita fes. Na ja tiyo daga banɗaki na cika akwatin, na kunna injin, na kwance ledojin na juye kifin. Ƙarar injin ce ta sa ta juyo.

"Mene ne wannan kuma?"

"Baƙi na kawo miki, Gajeruwa. Ba sa surutu, ba sa cewa a yi haƙuri."

Ba ta yi dariya ba, amma ba ta koma ga bangon ba. Ta gyara filo ta zuba musu ido. Da na dawo daga wanka na tarar tana nan yadda na bar ta.

Washegari ta tashi zaune. Ta karɓi gwangwanin abincinsu ta barbaɗa, suka taso suna wawaso, ta ƙara. Akwai wani mai baƙin tabo a goshi da ke ture sauran, ta ce wannan halin ƙanena ne sak, ba ya ganin kwano ya kau da kai. Rabon da in ji ta tsokani wani tun kafin asibiti. Na fita tsakar gida na tsaya a bakin famfo na daɗe, don kada ta ga fuskata. Daga ranar, duk sanda ta miƙa hannu ga gwangwanin, ni ke cewa ta ƙara musu. Sau biyar, sau shida a yini.

A rana ta huɗu ruwan ya yi fari, kamar an ɗiga madara a ciki. Kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Da safiyar rana ta biyar na ga ɗaya ya kife, cikinsa a sama, injin yana jan jelarsa. Tana barci. Na sa hannu a hankali na ciro shi, na naɗe a takarda, na fita da shi na jefa a shara, na tafi aiki.

Da na dawo da yamma tana zaune a bakin gado, hannunta a kan cinya.

"Bakwai ne."

Na ce wataƙila ɗaya ya shige bayan injin.

"Na duba."

Na ajiye jakar kayan aiki. Na ce, "Ya mutu ne da safe. Ban so ki gani ba."

Muryarta ba ta tashi ba da ta yi magana.

"Shi ma ka ɗauke shi ina barci."

Ranar da aka yi mata aiki, ta daɗe ba ta farfaɗo ba saboda jinin da ta zubar. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko a ajiye yaron har uwar ta tashi. Yayarta ta ce kada a ƙara mata ciwo a kan ciwo, ni ma na ga haka ne daidai. Na sa hannu a takarda. Kafin ta buɗe ido mun kai shi mun dawo. Da ta farka ta tambaya, aka gaya mata, ta ce to. Tun daga wannan "to" ɗin ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauka mun yi mata gata.

Ta ce, "Idan wani ya sake mutuwa, ka bar shi. Ni zan cire."

Tsoro ya sa na yi abin da na iya. A sana'ata, abin da ya yi datti wanke shi ake yi. Na kwashe kifin a bokiti, na zubar da ruwan gaba ɗaya, na goge gilashin, na wanke sosan injin da sabulu har ya koma sabo, na sake cikawa daga famfo. Ruwan ya yi kyau kamar babu shi. Kafin azahar ta washegari uku sun mutu.

Ita ta cire su. Ba ta yarda da 'yar ragar da na miƙa mata ba. Ta naɗe hannun riga, ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa a tafin hannunta. Ta juya kowanne, ta duba idonsa, ta buɗe jelarsa da yatsa. Mai baƙin tabon yana cikinsu. Ta fi daɗewa a kansa. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon matar da na so in raba da mutuwa, ga shi na sayo mata ita a leda na ajiye a gaban gadonta.

Na ɗebi ruwan a gora na koma wurin dattijuwar. Ban ɓoye mata komai ba, har sabulun. Ta zuba ruwan a 'yar kwalba, ta ɗiga wani abu, ta girgiza. Ya koma kore shar.

Ta ce, "Ka ga wannan? Fitsarinsu da ragowar abinci ne ya zama guba. Akwai wasu 'yan halittu da ido ba ya gani, su ke zama a cikin soson suna cinye ta. Sun fara taruwa ke nan ka wanke su da sabulu. Sannan ka ƙona wa kifin wurin numfashi da ɗanyen ruwan famfo." Ta cire tabarau ta goge. "Saura nawa?"

"Huɗu."

"Ba duka za su yi ba. Waɗanda suka ƙone sun ƙone."

Ta ba ni maganin, ta yanko mini guntun tsohon soso daga nata akwatin, mai ruwan ƙasa da ƙarni, ta ce in cusa shi a cikin injina. Kullum in cire kashi ɗaya cikin uku na ruwan in zuba wanda aka ɗiga wa magani. Kwana biyu kada a ba su abinci ko ƙwaya. Ina fita ta ce, "Wa ka saya wa, da kake sauri haka?" Na ce matata ce ba ta da lafiya. Ta gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya ba.

Biyu suka sake tafiya a cikin kwana uku. A rana ta ƙarshe, ina durƙushe ina zuƙo ruwa da tiyo zuwa bokiti, ta yi magana daga bayana.

"Ka gan shi?"

Na san ba kifi take nufi ba. Na ce na gan shi.

"Gaya mini."

Na toshe bakin tiyon da babban yatsa. Na ce yana da gashi da yawa, baƙi, a kwance. Na ce dogo ne, ba ita ya biyo ba. Kunnensa na hagu ya ɗan lanƙwashe daga sama kamar na mahaifinta. Farcensa har sun yi tsawon yankewa. Ta tambayi bakinsa, na ce a rufe yake, leɓen ƙasa ya ɗan shige ciki. Ta tambayi nauyinsa. Na rasa da me zan kwatanta, na ce kamar jakar kayan aikina idan na cire manyan sifanu. Ta tambayi wane zane aka sa masa, cikin waɗanda ta ɗinka. Na ce babu ko ɗaya, na asibiti ne, jakar kayan jaririn tana mota ban tuna ba.

A nan ta yi kuka. Ba irin na asibiti ba, wanda hawaye ke zuba fuska na nan yadda take. Wannan daga ciki ya fito, har tana riƙe wurin ɗinkin. Na matso, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ruwan tiyon ya kuɓuce ya jiƙa ledar ɗakin, na bar shi.

Da ta natsu ta ce, "Ban ce mugunta ka yi ba. Amma wata tara ina ɗauke da shi, kowa ya gan shi ban da ni. Idan na dube ka, shi nake nema a fuskarka, kuma haushinka nake ji. Ina so in je gidan Yaya."

Na ce Yaya ma tana wurin ranar.

"Na sani. Ita zan iya yi mata faɗa."

Yayarta ta zo da mota ranar Asabar da hantsi. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Kai ma dai, ƙanena." Ba ta ƙarasa ba. Na fitar da jaka biyu. Keken ɗinkin na tambaya ko a sa a bayan mota, matata ta ce a bar shi. Kafin ta fita ta tsaya a gaban gilashin, ta ce ƙaramin cikin biyun da suka rage ba ya son abinci mai girma, in riƙa murtsuke masa.

Ƙaramin ya mutu bayan kwana biyu. Na ɗauki hotonsa a tafin hannuna na tura mata kafin in fitar da shi. Ta gani, ba ta ba da amsa ba.

Ɗayan ya rayu. A sati na huɗu na kai wa dattijuwar ruwa, kwalbar ta tsaya rawaya, ta ce yanzu akwatin ya kama, in ina so in ƙara biyu. Na ce a bari tukuna.

Ranar Laraba da rana, ina kan rufin wani gida ina ɗaure bututun tanki, wayata ta yi ƙara. Ita ce. Ta tambayi ko ina cin abinci, na ce ina ci. Ta ce an duba mata ɗinkin a asibiti, wurin ya warke. Ta ce sun yi faɗan da Yaya, kwana biyu ba sa magana, yanzu sun shirya. Na tambaye ta yaushe zan zo in ɗauke ta.



"Ban sani ba. Kada ka zo sai na kira."

Na ce to. Mai gidan yana ƙasa yana tambaya ko a buɗe ruwa. Na sa wayar a aljihu, na ƙara ɗaure mahaɗin, na ce masa ya buɗe.