Gawar Gwaji

"Riƙe min waɗannan, Maƙwabciya," in ji Baba Rabaran, ya miƙa mata wayarsa da tabaransa. "Gawa ba ta amsa waya."

Aji ya kwashe da dariya. Tsohon ya zauna a bakin dogon teburin da aka jawo tsakiyar ɗaki, ya cire takalmansa ya jera su a ƙasa, sannan ya miƙe a rigingine ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ɗalibai biyu suka ja farin zanin gado, wanda ya aro daga gidan baƙi ba tare da ya tambayi kowa ba, suka rufe shi zuwa haɓa.

Haka yake koyar da jana'iza. A cewarsa, kowa na iya haddace addu'a a littafi, amma ranar da sabon fasto ya tsaya kan fuskar da ya sani, harshensa ne ke fara mutuwa. Shi ya sa duk makarantar tauhidin da ta gayyace shi, sai ya kwanta da kansa ɗalibai sun gwada a kansa, yana gyara su daga kwance. Malamar Waƙa, wadda yake kira Maƙwabciya, ba ta son wannan darasi ko kaɗan, amma jana'iza ba ta yiwuwa ba waƙa, don haka ta tsaya kusa da allo da tabaran a hannu.

Jirgi ɗaya ya kawo su wannan ƙasa, baƙin malamai na zango ɗaya, kuma ɗakunansu a gidan baƙi bango ɗaya ya raba su. Bangon ma sunan bango kawai ya ci. Tana jin tarinsa, tana jin cokali na zagaya kofinsa, tana jin sa'ad da yake gardama da rediyo. A filin jirgi, ranar tahowa, matarsa ta kama wuyan hannunta ta ja ta gefe.

"'Yata, ga amanata nan," Mama ta ce. "Da gangan yake mance maganin zuciyarsa. Yadda kika karɓe shi, haka za ki dawo min da shi."

Tun daga nan, kowace safiya sai ta ƙwanƙwasa bango, shi kuma ya girgiza mata kwalbar magani ta ji ƙarar ƙwayoyin. Yau ma ya girgiza, har ya ƙara da cewa ko a kurkuku ba a tsare mutum haka.

Ɗalibin farko ya buɗe taron jana'izar yana kallon sama. Bai kai ko'ina ba gawa ta buɗe ido ɗaya.

"Wa ya mutu, ni ko fanka? Kalli masu makoki."

Na biyu ya zuba wa'azi mai tsawo, Baba ya ce da a ce da gaske ne, da tuni ya fara wari. Sai layi ya zo kan Direba, babban mutum mai furfura a gemu, wanda ya bar tuƙin motar haya ya shigo makaranta da girmansa. A bakin tasha muryarsa na tsallake titi, amma da ya tsaya gaban jama'a sai ta maƙale. Ya fara karanta takardarsa ƙasa-ƙasa.

"Direba," Baba ya ce, ido a rufe, "matar mamaci na can baya tana kuka, ba ta ji ka ba. Ajiye takardar nan. Ka san ni ai. Faɗi abin da ka sani."

Direba ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce wannan bawan Allah ya bar gidansa da tsufansa, ya tsallako ƙasar da ba ya jin yarenta, don ya koya wa irinsu tsayuwa. Ya ce mutum ne mai tsokana, mai shan shayi da sukari fiye da ƙima, wanda bai taɓa barin ɗalibi ya fita ajinsa da kunya ba. Muryarsa ta buɗe a hankali har ta cika ɗakin. Da ya kai ga addu'a, wata ɗaliba a baya tana share ido da gaske.

Malama ta ɗaga waƙa, aji ya karɓa. A tsakiyar baiti na biyu ta ji wani ɗan sauti daga teburin, kamar minshari guda ɗaya, ta ga zanin ya motsa. Ta harare shi. A zatonta tsokana ce, don kullum yana cewa ta cika ɗaukar waƙa da sama. Ta ɗaga muryarta ta ƙara kai ta sama, don ta rama.

Waƙa ta ƙare. Aka yi shiru ana jiran abin da aka saba, wato gawa ta tashi zaune ta ce, "To, na dawo, wa ya ci wa ya faɗi?" Gawa ba ta tashi ba.

"Yau Direba ya rufe bakin Baba," wani ya ce, aka yi dariya.

"Baba, mun gama," in ji wata.

"Ku bar shi, barci ya kwashe shi. Wa'azin na biyu ne bai sake shi ba."

Aka sake yin dariya, amma ba ta kai ta farko ba. Malama ta dubi teburin sosai. Hannunsa na dama ya zame daga ƙirji, ya fito ta ƙarƙashin zanin yana reto. Baba bai taɓa barin hannunsa ya zame ba, shi da ke cewa gawa ma tana da ladabi.

"Baba," ta ce da harshen gida, ta matsa kusa. "Baba, ya isa haka. Tashi, ka tsorata yara."

Ta kama hannun. Da ɗumi, amma ya yi nauyin da hannun mai rai ba ya yi. Ta sa yatsu a wuyansa ta rasa abin da take nema, ta sake sawa a ɗaya gefen. Ba ta san ta yi magana ba sai da ta ga Direba ya ture kujeru ya fita da gudu.

Nas ɗin makaranta ta zo ta yaye zanin, ta hau danna ƙirjinsa. Maɓallan rigarsa suka tsinke suka gangara ƙarƙashin kujeru. Motar asibiti ta iso, mutanenta suka yi nasu ƙoƙarin, daga baya babbansu ya dubi nas ɗin ya girgiza kai. Ɗalibai na jingine da bango, littattafan waƙa a hannu, ba wanda ya yi kuka tukuna. Wani saurayi sai maimaitawa yake, "Amma yanzu ya yi magana. Yanzu fa ya yi magana."

Ita kuwa sautin nan ne ke dawo mata. Mutumin yana tafiya a gabanta, tazarar taku kaɗan, ita tana harararsa tana ɗaga waƙa. Amanar da aka damƙa mata a filin jirgi ta suɓuce tana kallo.

Da aka fitar da shi, Shugaban makaranta ya same ta inda take tsaye.

"Malama, kada ki kira gida tukuna," ya ce. "Zan nemi ikilisiyarsa su tura dattawa su zauna da ita, sannan a faɗa mata. Shi ma haka ya koya mana."

Gaskiya ne. A wannan ajin ta ji Baba yana cewa ba a faɗin mutuwa ta waya, sai dai fasto ya je da ƙafarsa. In kuwa dole ta kama, to ya fara tabbatar da akwai wani kusa da mai ji. Ta gyaɗa kai. Shugaban na juya baya, wayar Baba da ke hannunta ta fara ruri.

Lokacin Mama ne. Kullum da tsakar rana take kira, bayan ta san ya fito aji. Malama ta zuba wa wayar ido har ta tsinke. Ba ta gama sauke numfashi ba, tata wayar ta ɗauka a cikin jaka. Ta san Mama. In ba a ɗauka ba, za ta yi ta kira har ta tayar da makarantar nan. In ta ɗauka ta ce yana wanka ko yana barci, to ta ci amana sau biyu a yini ɗaya. Ta zauna a kujerar ɗalibi ta ɗauka.

"'Yata, sannu da aiki," in ji Mama, muryarta wasai. "Ya gama mutuwar tasa? Jiya ya ce min yau ne. Mutum da ransa da lafiyarsa ya je ya kwanta ana masa kuka. Ba shi wayar, na san yana kusa da ke yana min gwalo."

Malama ta gyara riƙon wayar.

"Mama, wa ke kusa da ke?"

Malama ta kasa kunne. Ta ji an rufe famfo a can gida, ta ji an ajiye wani abu na ƙarfe a hankali.

"Wannan tambayarsa ce," Mama ta ce. "Shekara da shekaru ina jin yana yi wa mutane ita a falon nan." Ta ja numfashi. "Autana na ɗaki. Faɗa min."

"Mama, yau bai tashi ba."

"Bai tashi ba."

"Ya sha maganinsa, na ji da kunnena. Ina wurin, Mama. Na ji ya yi wani sauti, na ɗauka wasa yake. Kin ba ni amana, ban..."

"Tsaya, 'yata." Muryar ta yi ƙasa, amma ba ta karye ba. "Ba wannan na tambaye ki ba. Shi kaɗai ne?"

"A'a. Aji cike yake."

"An yi masa addu'a?"

"An yi."

"Wa ya yi?"

"Wani ɗalibinsa, direba ne da."

"Mai maƙalewar murya? Yana ba ni labarinsa." Mama ta ɗan dakata. "Ya ɗaga murya?"

"Ya ɗaga, Mama. Har baya an ji."

"Waƙa fa?"

"Ni na ɗaga ta."

"To," in ji Mama. "To. Kullum tsorona a ɗakin baƙi zai tafi, ƙofa a kulle, sai an ɓalle. Ashe da waƙa aka raka shi." Sai a nan muryar ta tsinke. Malama ta ji tana kiran autanta da sunan da take kiransa tun yana goye, ta ji takun gudu, ta ji an buɗe ƙofa. "Kada ki kashe, 'yata. Zauna da ni tukuna."

Malama ba ta kashe ba. Ta zauna da waya a kunne, tabaran Baba a cinyarta, hawaye na sauka ba ta share ba. Ɗalibai sun fice ɗaya bayan ɗaya, sai Direba kaɗai, wanda ya ɗauki farin zanin daga ƙasa yana ninkewa a hankali, gefe ya haɗu da gefe. Ya ɗora shi kan teburin. Ya sunkuya zai ɗauki takalman, sai ya fasa, ya bar su yadda mai su ya jera su, bakinsu na kallon ƙofa.