Kududdufin Ima Sanahanbi

Ran wata Talata ce cikin Nuwamba, gari ya waye da sanyi, farin tururi kwance a kan gonakin shinkafar da aka gama yanka. Iboyaima yana bayan gidan Ima Sanahanbi yana saran gora, sai muryar tsohuwar ta fito ta taga.

"Wa ke sare min gora? Yaima, kai ne? Ban mutu ba tukuna, ɗan banza."

"Shinge nake gyarawa, Ima."

"Shingen ubanka. Tun yaushe shingen nan yake kwance, sai yau ka gan shi?"

Ya yi dariya, ya ci gaba da sara, amma a hankali. Tun da sassafe surukarta Pramodini ta buga masa ƙofa, ta ce mai magani ya taɓa jijiyar hannun tsohuwa ya girgiza kai. A ƙauyensu, kudu da birnin Imphal, ba a barin mutum ya cika a ƙarƙashin rufin ɗaki. 'Yar bukka ake kafa masa a tsakar gida a fito da shi. Ɗan Ima Sanahanbi ya daɗe da rasuwa, jikoki suna birni, shi ya sa aikin ya faɗo kan maƙwabci mai gyaran keke, wanda ya girma yana satar mata kifi a kududdufi.

Kududdufin nan ba da hannu aka haƙa shi ba. Zagaye yake kamar bakin tukunya. Tana 'yar shekara tara jiragen Japan suka zo da rana tsaka, uwarta tana saƙa a baranda, goye da jariri. Ita ta ruga waje ne don ta yi kallo. Da ƙurar ta lafa, babu baranda, babu uwa, sai rami. Ubanta ya yi kwanaki yana tona ƙasa da hannu, bai samu ko ɗan ƙashin da za a ƙona ba, balle na goshin nan da ake ɗauka a kai kogi. Damina ta zo ta cika ramin, kifi ya shiga, aka ci gaba da rayuwa.

Bayan shekara biyu sojojin Japan suka zo da ƙafa, suka koma da yunwa. Ɗayansu ya mutu a gidan, ubanta ya binne shi. Duk ƙauyen an san da wannan. Amma inda aka binne shi, ita kaɗai ta rage da ta sani.

Shi ya sa duk rani wani tsoho mai sanƙo, Morishita, yake zuwa daga Japan da tafinta da masu haƙa. Ubansa ya tafi yaƙin nan bai dawo ba, shi kuma ya ƙare rayuwarsa yana kwashe ƙasusuwan 'yan ƙasarsu yana mai da su gida. Sai ya cire takalmi ya zauna a barandarta. Ita kuma ta dafa masa kifin kududdufin, ta zuba barkonon da ko 'yan gari suna tsoro. Ya ci yana hawaye, ya sharɓe romon tas, ya sunkuyar da kai.

"Faɗa masa," takan ce wa tafinta, "su kawo min ƙashin uwata, ko kamar ƙwayar shinkafa, in ba su nasu."

Tafintan bai taɓa fassara shi yadda ta faɗa ba. Morishita dai yakan gane.

Iboyaima ya ja gorar zuwa tsakar gida, zuciyarsa ba daɗi. Morishita yana Imphal a makon nan. Bara ya ga yadda mutumin ke fama in zai ɗaura takalmi. In tsohuwar ta tafi da bakinta a rufe, shi ke nan, wurin ya tafi da ita.

Ya leƙa ɗakin. Ta ƙanƙance cikin bargo, sai idanu.

"A ina za ka kafa shingen naka?" ta ce.

Ya sosa ƙeya. "Kusa da ɗoɗɗoyar ibada, Ima. Inda aka saba."

"A'a. Bakin kududdufi, wajen tsohon turmin nan."

"Haba Ima," in ji Pramodini daga ƙofa, "wurin nan danshi ne. Mutane za su ce mun yar da ke a bakin ruwa."

"Su ce. Sanyi zai kashe ni ne?"

Pramodini ta buɗe baki, dariya da kuka suka haɗe mata, ta juya madafa.

Ya gusar da turmin, ya kafa gora, ya rufa da ciyawar shinkafa, ya shimfiɗa ganyen ayaba da tabarma. Wajen tsakar rana numfashinta ya fara sarƙewa, suka ɗauko ta su biyu. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Tururin ya watse, rana ta faɗo kan ruwan. Mata maƙwabta suka zauna daga nesa suna waƙar ibada ƙasa-ƙasa.

Wani jirgin fasinja ya wuce yana sauka wajen Imphal. Duk rayuwarsa Iboyaima ya san in jirgi ya wuce, tsohuwar takan saki abin da ke hannunta ta shige ƙarƙashin rufi, tana zagin kaji don kada a gane. Yau ta bi shi da ido ta bakin bukkar har ya ɓace.

"Wannan mummuna ne," ta ce. "Na Japan sun fi kyau. Ka san abin haushin ke nan? Suna ƙyalli kamar kifi a ruwa. Ina ta tsalle ina kiran uwata ta zo ta gani. Ta ce bari ta ƙarasa layin da take kai." Ta huta. "In tana saƙa, daga bakin hanya kana jin bugun. Tak, tak. Ka san an sauke shinkafa, ka san tana gida. Ba wanda ya iya bugun nan yanzu. Waccan ta madafa in ta zauna saƙa kamar tana faɗa da icen."

"Tana jin ki, Ima."

"Don ta ji na faɗa."

Ya ɗiga mata ruwa a baki da ganye. Yana so ya yi tambayar, harshensa ya ƙi. Ita ce ta kalle shi a kaikaice.

"Mai sanƙon nan ya zo bana?"

"Yana gari. In aika a kira shi?"

"Kar ka soma. Ba na son a zo ana sunkuya min a ka." Ta rufe ido. "Yaro ne fa, wancan sojan. Tabarau ɗinsa da zare ya ɗaure. Ya zauna a nan yana kallon ruwan, bai san nasu ne suka haƙa ba. Na kai masa ruwan shinkafa a ƙoƙo, ubana ya mare ni har na faɗi. Da ya mutu kuma, shi uban nawa ya wanke masa fuska, ya haƙa masa rami. Kai, mutane."

"A ina, Ima?"

Ta ɗaga yatsa da ƙyar ta bubbuga tabarmar.

Iboyaima ya kalli ƙasa, ya kalli turmin da ya gusar.

"Duk dakan da na yi a duniya a kansa na yi shi," ta ce. "Yau na ce bari in kwanta a nan in ji ko zuciyata za ta tafasa. Ba komai, Yaima. Sanyin ƙasa kawai. Shi ma uwarsa ba ta samu ko ƙwayar shinkafar ba." Ta damƙe masa hannu. "Sai an ƙona ni, an ɗauki ƙashina an adana, sannan su taɓa wurin nan. Ni zan riga shi tafiya. Kuma ka faɗa masa da bakinka, kar ka bar tafintan nan ya sa masa zuma. Wannan karon su cike raminsu."

Ta cika da rana ta karkata, ana shigo da shanu.

Aka ƙona ta a bakin rafi. Iboyaima da kansa ya riƙe gorar da aka sa ɗan ƙashin goshinta, ya miƙa wa babban jikanta. Sai da kwanakin makoki suka wuce ya hau kekensa ya tafi Imphal.

Masu haƙa ba su yi nisa ba. Suka fito da maɓallai, da waya mai tsatsa ta tabarau, da ƙasusuwan da ba su cika ƙaramin akwati ba. Ba wanda zai iya cewa na waye. Morishita ya naɗe su cikin farin ƙyalle, ya daɗe yana riƙe da su. Iboyaima ya matso ya faɗi saƙon, yana nuna ramin da hannu, ya tsare tafintan da ido har ya fassara shi kalma-kalma.

Masu haƙa suka kai hannu ga shebur. Morishita ya tsai da su. Ya cire rigar sanyinsa, ya karɓi shebur ɗaya, ya fara turawa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana haki. Iboyaima ya ji hannunsa yana ƙaiƙayin taimako, ya maƙale shi a baya. Pramodini ta fito da kwanon kifi ta ajiye a baranda, barkonon yana nan yadda aka saba. Da ramin ya cika, tsohon ya tattake shi da ƙafa babu takalmi, shi da Iboyaima suka mirgino turmin suka mai da shi mazauninsa.

Sannan ya tsaya a bakin ruwan, ya yi magana a hankali.

"Yana tambaya," in ji tafinta, "me ke nan wurin kafin ruwa?"

Wani kifi ya taso ya koma, ruwan ya yi zobe har gefe.

"Uwarta," in ji Iboyaima. Morishita ya lanƙwasa yatsa ɗaya. "Da jaririn da ta goya. Da abin saƙa, da zanen da ba ta ƙarasa ba. Da saniya biyu. Da rabin gida."