Sanƙon Eric

A Minna, in dai bikin aure ne na 'yan coci, da wuya a yi shi ba Eric ne riƙe da makirfo ba. Mutumin Kafanchan ne. Ranakun aiki yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Maitumbi, ranar Asabar kuma ya zura kwat ya je ya sa ango da amarya dariya. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: sanƙo. Tun bai kai ko'ina a shekaru ba gashin ya fara ja da baya daga goshi, kafin 2013 tsakiyar kan ta zama fili fetal.

Da tsokanar mutane ce kawai, da da sauƙi. Masu ɗaukar bidiyo ne suka fi ƙona masa rai. Duk faifan bikin da aka kawo masa, sai ya ga fitilar kyamara tana ƙyalli a kansa kamar an kife kwanon silba. Ya shafa ruwan albasa, ya shafa wani mai da aka kawo masa daga Onitsha har fatar ta yi ƙuraje. Ko sili ɗaya bai tsiro ba.

Abokinsa Godwin, mai gyaran janareta, wanda shi ma sanƙon ya cinye masa rabin kai, shi ya nuna masa wata dabara a waya. Ana sa siririyar allura a ɗiga tawada a fatar kai, ɗigo-ɗigo, sai mutum ya zama kamar mai cikakken gashi da ya yi sabon aski.

"Ka ga? Ba magani, ba tiyata," in ji Godwin. "Mu nemi mai yi kawai."

Da Eric ya kai wa matarsa Charity labarin, sai ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Baban Hadassah, abin nan fa ba ya wankuwa. In aka ɓata maka kai, ina za ka kai shi?"

Maganar ta zauna masa. Ya ƙudura cewa ba mai taɓa shi da allura sai ya ga kan wani mutum da aka yi wa, ya warke, ya sha rana.

Nan wahala ta fara. A Sabon Gari wani mai aski ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, ya nuna masa hotuna a bango. Eric ya matsa kusa, ya ga duk Turawa ne, har da sunan wani gari na ƙasar waje a ƙasan hoton.

"Wannan kai ka yi?"

"Oga, irinsa nake yi."

"Wa ka yi wa a garin nan?"

Mai askin ya sosa ƙeya ya ce kwastomominsa manyan mutane ne, ba sa son a sani. Eric ya yi tsaki ya fita.

Aka kwatanta masa wata mai zana wa mata gira. Ita kam ba ta yi masa ƙarya ba. Ta ce ba ta taɓa yin kai ba, amma fata ai fata ce, in ya yarda ta fara da shi. Ya ce ya gode, kansa ba allon koyon rubutu ba ne.

Ana nan sai aka ji labarin wani Ndaman da ya dawo daga Legas ya buɗe shago a Sauka Kahuta. Shagon tsaf, ga na'ura a cikin akwatinta, ga safar hannu, ga allurai a leda ba a buɗe ba. Zuciyar Eric ta ɗan kwanta. Ndaman ya yi ta bayani, yana jefa Turanci.

"Duk na ji," in ji Eric. "Mutum ɗaya nake so in gani."

Ndaman ya ce akwai wani Sheshi, mai tuƙa Keke mai ƙafa uku tsakanin kasuwa da Maitumbi. "Amma ba ya zama wuri ɗaya, ba lallai ka same shi ba."

Eric ya same shi. Ya yi ta sintiri a tasha bayan an tashi makaranta har aka nuna masa wani ƙaƙƙarfan saurayi sanye da hular sanyi, a tsakiyar zafin Maris na Minna da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya shiga Kekensa, ya bari sauran fasinja suka sauka, sannan ya ce:

"Malam Sheshi, Ndaman ne ya turo ni. Ya ce ya yi maka aiki a ka."

Sheshi ya taka birki har Eric ya bugi ƙarfen gaba.

"Shi ya turo ka? Ashe yana da bakin ambaton sunana?"

"Don Allah ka yi haƙuri. Ni ma ciwon ne da ni." Eric ya sunkuyar masa da nasa kan.

Sheshi ya waiga hagu da dama, ya cire hular. Ɗigon duk sun bazu sun haɗe, kan ya yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba masa bula. A goshi kuwa layi ne miƙaƙƙe sambal, kamar an ɗora rula an ja.

"Makon farko ya yi kyau," in ji Sheshi yana mayar da hular. "Har hoto ya ɗauke ni. Bayan nan ya koma haka. Na je, ya ce fatata ce ba ta da kyau. Yarinyar da nake nema, ƙannenta Biro suke kirana."

Eric bai ko koma wajen Ndaman ba. Ya je ya kwashe labarin ya faɗa wa Godwin, yana zaton zai tsorata. Sai Godwin ya ce shi kam ya gaji da wannan bincike kamar 'yan sanda. Ya ji labarin wata mata a Abuja, zai je.

"Ka ga aikinta?"

"Ban gani ba."

"To ka zama Biro na biyu."

Godwin ya tafi abinsa. Ya yi zuwa ya fi ɗaya, ya dawo da kai gwanin kyau, ya ce Eric ya zo ya kai shi wajen matar. Eric ya ce a'a, na Sheshi ma da haka ya fara, sai ya warke tukuna. Damina ta zo ta wuce. Duk haɗuwarsu sai Eric ya ja shi cikin rana ya dudduba kan, yana neman shuɗi, bai samu ba. Ɗigon na nan ƙanana, launin ya ɗan sauka ya saje da gashin gefe. Masu aski ma sai an faɗa musu suke ganewa. Charity da kanta ta ce, "Wannan kam ta iya."

Sai a lokacin Eric ya kira lambar matar. A kashe. Ya sake kira washegari, a kashe. Ya nemi izini a makaranta ya hau mota, ya sha ramukan hanyar Suleja har ƙugunsa ya riƙe. Da ya isa benen da Godwin ya kwatanta masa, sai ya tarar ana sayar da wayoyi a shagon. Wata mai ɗinki da ke kusa ta ce ai matar ta bi mijinta ƙasar waje tun watan jiya.

"Ba ta bar wani da ta koya wa ba?"

"Ita kaɗai take aikinta, Oga."

Ya tsaya a barandar yana kallon motoci. Wa zai zaga? Da ya yi gaggawa, da yanzu yana yawo da hular sanyi. Da ya yi haƙuri, ga inda haƙurin ya kai shi.

Da ya dawo Minna, Godwin ya buɗe baki zai ce wani abu, Eric ya ɗaga masa hannu. A gida Charity ta kawo tuwo ba ta tambaye shi komai ba, fuskarsa ta riga ta ba ta amsa.

Ranar Asabar yana da biki a Bosso. Da safe ya sa aka kwashe sauran gashin gefe tas, ya dawo ya tsaya gaban madubi ya daɗe. Sannan ya buɗe jakar Charity ya ɗauki hodarta ya shafa a tsakar kai, ya zura kwat. Tana ƙoƙarin danne dariya ya harare ta.

"Ki ce wani abu ki gani," ya ce, ya ɗauki makullin babur ya fita.