Mai Fenti da Koren Buzuzu

Mai fentin mota ne, kuma ko shi ya san bakinsa ya fi hannunsa sauri. Kowa a garejin ya haddace kurinsa: wai babu launin da Allah ya halitta da ba zai iya haɗa shi a gwangwani ba.

Wata safiya matarsa ta tsinci mataccen buzuzu a bakin taga, kore shar, yana ƙyalli kamar sabuwar mota. Ta ajiye masa kusa da kofin shayi, ta ce ƙofar kicin ta koɗe, irin wannan launin take so.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji shi, ya jefa ƙwaron cikin kwalin ashana.

A gareji ya dama kore da ɗan ruwan azurfa, ya fesa a guntun ƙarfe. Da ya kara buzuzun a gefe, sai ya ga ƙwaron ya koma shuɗi. Ya ƙara shuɗi a fentin. Ya ɗan karkata ƙwaron, sai ya rikiɗe ya zama ruwan tagulla. Motar wani likita na can tana jiran fenti, shi kuwa yana tsugune yana harare-harare da gawar ƙwaro, har makanikai suka fara tambaya ko ɗan'uwansa ne ya rasu.

Da abin ya ishe shi, ya ƙudura satar sirrin. Ya ɓalle fiffike ɗaya, ya niƙe shi da gindin sukudireba. Garin ya fito ruwan ƙasa, kamar ƙurar bayan kabad.

Dole ya kira ƙanwarsa, malamar kimiyya a makarantar sakandare. Sai da ta gama dariyarta sannan ta yi bayani: wannan koren ba rini ba ne. Ɓawon ƙwaron shimfiɗu ne sirara ƙwarai, wani kan wani kamar na albasa. Haske ke shiga ya dawo, launin da ka gani kuwa ya danganta da inda ka tsaya. Shi ya sa ko ya mutu yana ƙyalli, amma wanda ya niƙa ya rushe komai.

"Wato wuni guda na yi ina gasa da hasken rana?"

"Kuma ka sha kaye, Yaya."

Da yamma ya shafa wa ƙofar kicin kore na kowa da kowa. Matar ta duba, ta ce ba laifi, sannan ta nemi a mayar mata da ƙwaronta. Ya miƙa mata shi da fiffike ɗaya, ya ce hatsari ƙwaron ya yi a wurin aiki.