Ƙodar Abla Awatif

Har nas ta ɗaure mata hannu tana laluben jijiya, sai Awatif ta jiyo muryar ƙaninta a bakin ƙofa yana cacar baki da mai gadi.

"Matsa nake ce maka! Yayata ce a ciki!"

Ta runtse ido. Babu wanda ya san ranar ɗaukar hoton nan sai 'yarta Tahani, ita ma sai da ta sa ta yi alkawarin kame bakinta. Ga shi Fikri ya taso tun daga shagonsa na sassaƙa kujeru a Dumyaɗ, da garin katako a gashinsa, ya rungumo manyan gorunan ruwa biyu.

"Kar ki zuba mata komai, 'yata," ya ce da nas ɗin yana haki. "Ƙodarta ɗaya."

Nas ta duba takardar da ke hannunta. "Amma an rubuta ba ta da ciwon ƙoda."

"Ai ba ni da shi," in ji Awatif. "Tambayar da aka yi mini na amsa."

"To ina ɗayar?"

"Ga ta nan tsaye tana yi mana ihu a asibiti."

Shekara goma sha tara ke nan da ta ba Fikri ƙodarta ta hagu, kuma ba ta son a riƙa tayar da zancen. Amma ba wannan kaɗai ya sa ta yi shiru ba. Sati uku da suka wuce wani hoto ya nuna tabo a hantarta, likita ya ce ba za a san ko mene ne ba sai an zuba mata rini a jijiya an saka ta a babbar na'ura. Sati ukun nan ba ta ci abincin kirki ba. Ta san da zarar ta ambaci ƙoda za a ce ta je ta dawo.

Nas ta kwance mata hannu ta fita. Jim kaɗan ta dawo tare da wata matashiyar likita mai gilashi, wadda ta tsaya ta zuba wa Awatif ido, sannan ta tuntsire da dariya.

"Abla Awatif! Ba ki gane ni ba? Nahla ce, ta bencin ƙarshe kusa da taga."

Awatif ta shekara talatin tana koyar da lissafi a Mansura, rabin mutanen garin suna kiranta Abla, wato malama ko yaya. Ta ƙanƙance ido. "Wadda ba ta taɓa nuna yadda ta samo amsa ba?"

"Ni ce. Kin sha cire mini maki a kan amsa rabi da rabi. Yau ga taki." Ta kaɗa takardar, Fikri ya tafa hannu don daɗi.

Dokta Nahla ta jawo kujera ta zauna. Ta ce rinin nan ta ƙoda yake fita daga jiki. Mai biyu lafiyayyu ba ya ma sanin ya wuce, amma mai guda ɗaya da shekara sittin da ɗaya a kai, sai an fara sanin ƙarfinta tukuna.

"Kina shan wani magani, Abla?"

"Ba na sha."

"Tana sha!" Fikri ya tsoma baki. "Na ciwon gwiwa. Kamar gyaɗa take watsa shi a baki."

"Ya ƙare tun ranar Juma'a, munafuki."

"Gara da ya ƙare," in ji likitar. "Irinsa yana rage jinin da ke zuwa ƙoda. In ya haɗu da rini, su biyu suke tarar mata."

Aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito, Nahla ta ce ƙodar tana aikinta, sai dai ba ta da rarar ƙarfi. Awatif ta riƙe numfashi.

"Wato in je in dawo."

"A'a, yau za mu yi. Amma sai an yi miki ƙarin ruwa na wasu awanni kafin hoton, a ƙara bayansa. Rinin kuma mafi ƙarancin da zai nuna mana abin da muke nema zan sa. Jibi ki dawo mu sake auna jinin."

Haka Awatif ta tsinci kanta a gado kusa da taga, ruwa yana ɗiga cikin hannunta, Fikri a kujerar roba yana tsiyaya mata wani a kofi duk bayan 'yan mintuna. Shi ya ƙware a wannan harka. Tun da aka yi masa dashen ƙodar yake auna ruwan da yake sha, gishiri kuwa ko a biki ba ya taɓawa.

"Shanye, Abla."

"Kai ɗin nan, kifi ka mayar da ni? Ta hannu ana zuba mini, ta baki kana ɗura mini."

"Likita ta ce kofi ɗaya duk rabin awa."

"Ai rabin awarka minti goma ce. Da ma can lissafi bai taɓa zama a kanka ba."

Ta dai shanye. Sau huɗu ya raka ta banɗaki yana tura sandar ƙarin ruwan, yana ce wa mutane su ba da hanya ga shugabar makaranta. A dawowa ta huɗu ne ya zauna yana juya kofin a hannunsa.

"Shekara uku na yi a kan injin wankin ƙoda," ya ce. "Kwana uku a kowane sati. Ke kike zama a gefena, kin san yadda nake fitowa. Da Tahani ta kira ni da safe, ban ma kulle shago ba. In taki ta tsaya, Abla, me zan ba ki? Abin da nake da shi ma naki ne."

Awatif ta juya ta kalli bango. "Hanta ce ta kashe Mama, Fikri. Ni kawai so nake in sani."

Ya kama hannunta marar allura, ya riƙe. Rabon da su zauna su biyu kawai, ba 'ya'ya ba jikoki, har ta manta.

Bayan la'asar aka shigar da ita. Da rinin ya shiga jijiya ta ji ɗumi ya gauraye jikinta, bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Aka ce ta riƙe numfashi, aka ce ta saki. Kafin ta gama salatinta an turo ta waje, an mayar mata da ƙarin ruwan.

Ba a yi awa guda ba Nahla ta shigo da sauri, har gilashinta ya zamo kan hanci.

"Abla, ba abin da kike tsoro ba ne. Dunƙulen 'yan jijiyoyin jini ne, wataƙila da shi aka haife ki. Ba ya buƙatar ko magani."

Awatif ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Fikri kuwa ya miƙe ya rangaɗa guɗa irin ta mata, da ƙatuwar muryarsa ta masassaƙi, har matan sauran gadaje suka fashe da dariya suka karɓe masa, suka nuna masa yadda ake yi.

Kwana biyu ya yi a gidanta yana bin ta da kofi. Ranar Laraba suka koma tare, aka auna jini, Nahla ta juyo musu da takardar. Lambar da ke nuna ƙarfin ƙodar ba ta motsa ba ko kaɗan.

"Jarumar ƙoda ce," in ji likitar. "Ba mamaki, ai ita ce mafi ƙarfin biyun."

Awatif ta ɗago. "Wace ce mafi ƙarfi?"

"Wadda ke jikinki mana. Ƙa'ida ce, Abla. In za a yi dashe, wadda ta fi lafiya ake bar wa mai bayarwa."

Awatif ta juya a hankali ta dubi ƙaninta.

"Ka san da wannan?"

"Tun ranar farko."

"Shekara goma sha tara ina tafiya ina jin na ba ka mai kyaun. Ashe ta biyu a aji na ba ka."

Fikri ya dafa gefen cikinsa yana dariya har da hawaye. "To ta biyun ta aurar da 'ya'ya uku, Abla. Ban taɓa kawo ƙararta ba."

Ta ɗauki jakarta ta miƙe, fuska a murtuke, bakinta yana so ya ci amanarta.

"Tashi mu tafi," ta ce. "Kuma kar Tahani ta ji wannan."